Karɓar Kuɗin Inshora a Amurka Bayan Guguwar Tonado Ta Yi Ɓarna

Babu ƙasar da guguwar tonado ke addaba kamar Amurka, inda ake samun fiye da dubu a shekara, galibi a jihohin tsakiya irin su Teksas da Okalahoma da Kansas, da kuma kudu maso gabas. Wadda ta afka wa garin Joplin na jihar Misuri ranar 22 ga Mayu, 2011 ta kashe mutane sama da 150, ta kuma share dubban gidaje. Duk mai gida ko ɗan haya a waɗannan wurare ya kamata ya san cewa kamfanin inshora ba ya biyan asarar da ya gani da ido kawai, sai wadda aka tabbatar masa a rubuce, cikin wa'adi.

Babu dokar tarayya guda da ke kula da wannan harka. Tun dokar McCarran-Ferguson ta 1945 aka bar wa jihohi ikon sa ido kan kamfanonin inshora, don haka wa'adi da haƙƙoƙi sun bambanta daga jiha zuwa jiha. Abin da ya haɗa su shi ne takardar yarjejeniyar da yawancin masu gidaje ke riƙe da ita, wadda ake kira HO-3. A cikinta ɓarnar iska tana cikin abin da ake biya, tonado kuwa iska ce, ba sai an saya mata inshora ta daban ba.

Inda rigima take farawa shi ne ruwa. Idan iska ta yaye rufi ko ta fasa taga, ruwan sama ya shiga ta wannan kafar ya jiƙa silin da katifu, kamfani zai biya. Idan kuwa ruwan daga ƙasa ya taso ya malalo ta ƙofa, wannan ambaliya ce, kuma HO-3 ta cire ta ƙarara. Ambaliya tana da inshorarta daban, mafi yawa ta shirin da FEMA, hukumar agajin gaggawa ta tarayya, ke gudanarwa, wanda a ƙa'ida sai bayan kwana 30 da saye yake fara aiki. Shi ya sa hoton farko yake da nauyi sosai: a ɗauki ramin da ke rufin, sannan a ɗauki shatin ruwan da ya gangaro daga silin zuwa bango, yadda kowa zai ga daga sama ya zo. Shatin laka a gindin bango kuwa hujjar kamfani ce.

Yarjejeniyar ta ɗora wa mai gida nauyi tun daga ranar farko. Ya sanar da kamfani ba tare da jinkiri ba, ya karɓi lambar ƙorafinsa. Ya hana ɓarna ƙaruwa: a lulluɓe rufi da tamfol, a toshe tagogi da katako, a ajiye rasidin komai, domin wannan kuɗin ana mayarwa. Wanda ya bar rufi a buɗe har ruwan mako mai zuwa ya ƙara ɓata ɗakuna, kamfani na iya ƙin biyan ƙarin. Amma gyaran dindindin a dakata da shi har jami'in ƙiyasin kamfani ya zo ya duba, kuma kada a zubar da kayan da suka lalace kafin a ɗauke su hoto. Sai lissafin kaya ɗaki bayan ɗaki: sunan abu, yawansa, shekarar saye, farashinsa a yau. Aiki ne mai cin rai ga wanda ke tsaye a kan baraguzan gidansa, amma a nan ake yin asara mafi yawa, don ba wanda ke manta talabijin, sai dai tukwane da zannuwan gado da takalman yara, waɗanda idan aka haɗa su kuɗi ne masu yawa. Idan kamfani ya nemi takardar rantsuwa ta tabbatar da asara, HO-3 ta ba da kwana 60 daga ranar da ya nema.

Yanzu ga lissafin da ke ruɗa mutane. Akwai kason da mai gida ke ɗauka da kansa kafin kamfani ya biya ko sisi. A jihohin guguwa, kason ɓarnar iska da ƙanƙara sau da yawa ba tsayayyen adadi ba ne, kashi ne cikin ɗari na kuɗin da aka yi wa ginin inshora, daga 1 zuwa 5. Gidan da aka yi wa inshorar dala 300,000 da kashi 2, kason mai shi dala 6,000 ne, ko ɓarnar ƙarama ce ko babba.

A ce sabon rufi zai ci dala 20,000, tsohon kuma ya yi shekara 10 cikin 20 da ake sa ran zai yi. Kamfani zai cire ragin tsufa na dala 10,000, ya cire kason mai gida 6,000, ya aiko da cek na dala 4,000. Mutane da yawa a nan suke karaya, suna zaton shi ke nan. Idan yarjejeniyar ta biyan kuɗin sabo ce, waccan 10,000 ajiye ta aka yi, za a sake ta idan an gama aiki an aika da rasidin ɗan kwangila. Akwai wa'adin sanar da niyyar neman wannan cikon, kwana 180 a takardar da aka fi amfani da ita. Amma wasu kamfanoni suna maƙala sharaɗin cewa rufi darajar tsufansa kawai za a biya. Mai irin wannan takarda 4,000 ɗin ce rabonsa. Wannan sharaɗi a shafin farko na yarjejeniya da ƙarin shafukan baya ake ganinsa, kuma ya fi dacewa a duba shi kafin damina. Haka nan wanda ya yi wa gidansa inshorar ƙasa da kashi 80 na kuɗin sake gina shi ba zai samu cikakken biyan sabo ba.

Sauran sassan a taƙaice. Gareji na daban da shinge yawanci kashi 10 ne na inshorar ginin. Idan gida ba ya zaunuwa, ana biyan otal ko haya da ƙarin kuɗin abinci, wato abin da ya ɗara kashewar yau da kullum. Tsabar kuɗi da aka ajiye a gida galibi dala 200 kacal ake biya, abin lura ga masu riƙe kuɗin adashi a ɗaki. Kwashe bishiyar da ta faɗa kan gini yana da iyaka, galibi dala 500 kowace bishiya. Mota ba ta cikin inshorar gida, sai inshorar motar mai ɗauke da ɓarnar da ba ta karo ba. Ɗan haya kuma inshorar mai gida ba ta shafi kayansa ba, sai in yana da tasa, HO-4.

Mai bashin gida ya sani cek ɗin ginin zai fito da sunansa da na banki. Banki zai riƙe kuɗin ya riƙa saki kashi-kashi gwargwadon ci gaban aiki, don haka a kira shi tun da wuri, kuma a ci gaba da biyan bashin wata-wata.

Kamfani ma yana da wa'adinsa. A Teksas, babi na 542 na dokar inshora ya ba shi kwana 15 ya amsa cewa ƙorafi ya iso, kwanakin aiki 15 bayan ya karɓi duk takardu ya amince ko ya ƙi, da damar ƙarin kwana 45 in ya faɗi dalili, sannan kwanakin aiki 5 ya biya. A lokacin babban bala'i ana ƙara kwana 15. Jihar ta kuma haramta wa ɗan kwangila yafe wa mai gida kasonsa tun 2019, saboda haka mai ƙwanƙwasa ƙofa yana cewa zai yi rufi ba tare da an cire ko kwabo ba, cikin laifi yake jawo mutum.

Idan ƙiyasin kamfani ya yi ƙasa, a samo ƙiyasin 'yan kwangila biyu ko uku dalla-dalla, a nemi a sake dubawa a rubuce. Tonado tana girgiza ginshiƙai da katakon rufi ta yadda ido ba ya gani, a nan rahoton injiniya yana da amfani. In an ƙi biya, a nemi wasiƙar da ta ambaci sashen yarjejeniyar da aka dogara da shi. Ana iya ɗaukar mai ƙiyasi mai zaman kansa mai lasisi, wanda a Teksas ladansa ba ya wuce kashi 10 na kuɗin da kamfani ya biya. Idan saɓanin kan adadi ne kawai, yarjejeniyar ta yarda kowane ɓangare ya zaɓi mai ƙiyasinsa cikin kwana 20, su biyun su zaɓi mai raba gardama, abin da biyu cikin ukun suka amince shi ne adadin. Kai ƙara hukumar inshora ta jiha kyauta ne. Zuwa kotu kuwa yana da wa'adi, shekara ɗaya ko biyu a yawancin takardu.

Tallafin FEMA sai shugaban ƙasa ya ayyana yankin a matsayin wanda bala'i ya shafa, kuma rajista yawanci kwana 60 ce. Doka ta hana hukumar biyan abin da inshora ta riga ta biya, don haka za ta nemi wasiƙar biya ko ta ƙi daga kamfani. A yi rajistar cikin wa'adi ko da wasiƙar ba ta iso ba, a miƙa ta daga baya.