Waiwaye: Yadda tulun niƙa ya koma tanderu

Tun da zancen tsadar ƙarafan tangistan da kobalt ya yi zafi, masu ƙera haƙoran yankan ƙarfe da su suka sake maida hankali kan titaniyam kabonaitiraid, wato haɗin titaniyam da kabon da naitirojin. Gardamar da ake yi ita ce: a ci gaba da gasa garin a tanderu mai zafin digiri 1400 zuwa sama, ko a koma niƙa shi da ƙwallaye masu tauri a cikin rufaffen tulun da inji ke juyawa? Masu suka suna cewa garin niƙa ba ya rabuwa da datti, masu yabo kuma suna maganarsa kamar jiya aka gano shi. Abin ya daɗe.

Farkon labarin sananne ne. A 1820 masanin kimiyya na Ingila Michael Faraday ya nuna cewa daka a turmi kaɗai yana iya sa sinadarai su sauya. A ƙarshen shekarun 1960 John Benjamin ya fito da dabarar haɗa ƙarafa ta niƙa, a 1967 kuma Merzhanov da abokan aikinsa a Tarayyar Sobiyat suka nuna cewa wasu garuruka, da zarar an kunna musu wuta a gefe guda, sukan cinye kansu da zafin kansu.

Abin da ba a cika ambata ba ya faru ne a Bulgeriya a 1982. Tschakarov da abokansa suna niƙa garin ƙarfe da sinadarai dangin farar wuta, sai suka lura cewa haɗuwar ba sannu a hankali take zuwa ba. Za a yi ta niƙa shiru, sai kwatsam wuta ta kama a cikin tulun, cikin daƙiƙu komai ya gama. Ashe niƙan shiri ne kawai: yana fasa ƙwayoyin, yana kankare fatar oksijin da ke kansu, yana cuɗa su har wani karo na ƙwallo biyu ya zama ashana. Titaniyam da kabon sun dace da wannan, domin haɗuwarsu na fitar da zafin kilojul kusan 184 a kowane mol (wato kusan giram 48 na titaniyam), ta titaniyam da naitirojin kuma kusan 338. Masu bincike a Sifaniya sun bi wannan hanya suka samar da kabonaitiraid a ƙarƙashin matsin naitirojin na bar 6, wato kusan ninki shida na matsin iskar ɗaki.

Matsin nan ba ado ba ne. A ce ana son rabi kabon rabi naitirojin daga giram 10 na titaniyam: ana bukatar giram 1.25 na garafait, wato nau'in kabon, da iskar naitirojin kusan lita 1.3. Tulu mai mililita 250 da aka rufe a matsin ɗaki ba ya ɗauke da ko kashi ɗaya cikin biyar na wannan. Shi ya sa ake ɗura iskar da matsi ko a bar tulun haɗe da silinda. In ba haka ba a samu gari mai giɓin naitirojin, ko ragowar titaniyam da bai ci ba. Ma'aunin matsi shi ne idon mai aiki: allura ta yi tsalle saboda zafi, sannan ta faɗi yayin da garin ke shanye iskar.

Yawancin dattin da ake kuka da shi daga rashin sanin lokacin kamawar wutar yake. Wanda ya bar inji yana juyawa awanni bayan wuta ta kama, to garin da ya fi ƙwallayen tauri ne ke cin su: na baƙin ƙarfe su zuba ƙarfe, na tangistan kabaid su zuba tangistan. Ɗan ƙarin niƙa ya isa ya warware dunƙulen da zafi ya haɗe. Nauyin ƙwallaye kan gari, wanda akan sa daga 10 kan 1 zuwa sama, in ya yi ƙasa kamawar ta yi jinkiri. Sitiyarik asid, sinadari mai maiƙo da ake ɗan sakawa don hana mannewa, yana ƙara kabon da oksijin, yana kuma iya kashe wutar ɗungurum. Tulun da aka tsayar kafin ya kama kuwa ba a buɗe shi a sarari, don garin titaniyam mai laushi na iya kamawa da kansa.

Inda masu tanderu ke da gaskiya shi ne yawa. Zafin da ƙaramin tulu ke shanyewa lafiya, a tulu mai ɗaukar kilo-kilo yakan zama matsin da murfi da robar toshiya ba za su jure ba.