Kwarantin: kalmar da ake jifan fiyar waje da ita

Tun da korona ta shigo a 2020 kalmar kwarantin ta zauna a bakinmu ta ƙi tashi. Cutar ta lafa, kalmar kuwa sai yaɗo take yi kamar kabewa. Har a rediyo na ji mai sharhi yana kiran a yi wa 'yan siyasa masu sauya sheƙa kwarantin. Wannan bai dame ni ba, haka harshe yake tafiya. Wanda ya dame ni shi ne abin da na ji daga bakin wani yaro ɗan wajen Katsina mai tallan tuffa da fiyar waje a cunkoson motoci tsakanin Ketu da Mil 12 a Legas. Na yi masa ƙorafin tsada, sai ya ce, "Wallahi Baba ba daga mu ba ne, kaya aka yi wa kwarantin a tasha." Na ce, "Yaro, mene ne kwarantin ɗin?" Ya ce, "Ƙwacewa ke nan, Baba. Ko kuma an gano akwai guba a ciki."

Kuskure biyu ke nan a numfashi ɗaya, kuma ba na yaron ba ne shi kaɗai. Manyan 'yan kasuwa masu sayen kwantena guda ma haka suke fassara kalmar.

Sai na fara warware wace fiya nake nufi, don a ƙasar nan sunan ya hau kan 'ya'yan itace uku. Akwai fiyar da Bahaushe ya sani, mai ƙaton ƙwallo da tsoka mai maiƙo. Akwai ube ta Inyamurai da ake ci da gasasshiyar masara da damina. Sannan ga wannan ta cikin kwali, 'yar uwar tuffa, mai siririn wuya da faɗin gindi, wadda itacenta sai ƙasa mai hunturu na gaske. Mafi yawan wadda muke gani a titunan Legas daga Afirka ta Kudu take fitowa, daga gonakin yankin Ceres da Elgin da ke kusa da Cape Town, wata kuma daga Sin. A kwantena mai sanyi take zuwa ta jirgin ruwa, ta sauka tashar Apapa ko ta Tin Can. Ita nake nufi.

Asalin kalmar lissafi ne. Da Italiyanci arba'in ita ce kwaranta. Bayan annobar da ta cinye wani babban kaso na mutanen Turai a tsakiyar ƙarni na 14, garuruwan bakin teku sun lura cewa jiragen fatake ne ke kawo musu ita. A 1377 birnin Ragusa, wanda yau ake kira Dubrovnik a Kuroshiya, ya kafa doka cewa duk wanda ya fito daga inda ake annoba ya zauna kwana talatin a keɓe kafin ya shiga gari. Daga baya aka mayar da wa'adin kwana arba'in, kuma daga bakin mutanen birnin Benis na Italiya sunan ya bazu duniya. Abin lura a nan shi ne ba a ce matuƙin jirgin ɓarawo ne ba, ba a raba kayansa ba, ba a ci shi tara ba. Ce masa aka yi ya dakata a ga abin da ke ɓoye zai bayyana ko ba zai bayyana ba. Idan arba'in ta cika lafiya, ya sauke hajarsa ya yi cinikinsa.

Mu da muka san arba'in ɗin mai jego bai kamata wannan ya zame mana baƙon abu ba. Wa ya taɓa cewa hukunci aka yi wa mai jego da aka ce ta zauna ɗaki? Musulmi kuma yana da abin da ya girmi dokar Ragusa da ƙarnoni: umarnin Manzon Allah (SAW) cewa idan aka ji annoba a wata ƙasa kada a shige ta, idan kuma ta ɓarke mutum yana ciki kada ya fita yana gudunta. Da shi Sayyidina Umar ya yi aiki lokacin da ya juyo daga hanyar Sham. Saboda haka nake jin takaici idan 'yan jaridarmu suka fassara kalmar da "tsarewa" ko "kamawa". Killacewa ta fi kusa, keɓewa ma ta yi. Ƙwacewa kam ba ta kama hanya ba.

To amma fiya ba za ta yi arba'in a tasha ba, ruɓewa za ta yi. Shi ya sa a harkar tsirrai kalmar ta faɗaɗa, ta koma sunan duk matakan da ƙasa ke ɗauka don hana ƙwaro ko cutar shuka shigo mata, kuma yawancin matakan ana gama su tun kaya ba su bar ƙasarsu ba. Ƙasashe sun ƙulla yarjejeniyar kare tsirrai a Rum a 1951 ƙarƙashin hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. A Nijeriya aikin yana hannun hukumar kwarantin ta kayan noma, wato NAQS. Ɗan kasuwa zai nemi takardar izinin shigo da kaya kafin a yi lodi, ba bayan jirgi ya iso ba. Hukumar za ta duba wane ɗan itace ne, daga wace ƙasa, waɗanne ƙwari ne ke can da babu su nan, sai ta gindaya sharuɗɗa. Can kuma jami'an gwamnatin ƙasar da kayan suka fito za su duba, su ba da takardar shaidar lafiyar tsirrai. Idan kwantena ta sauka, a gwada takardu, a buɗe wasu kwalaye, a yanka wasu 'ya'yan a leƙa ciki. In an ga abin zargi, a sa magani, ko a mayar da kayan inda suka fito, ko a lalata su. Hatta katakon da ake ɗora kwalayen a kai yana da tasa ƙa'idar, sai an gasa shi da zafi ko an turara shi da magani an buga masa hatimi, don ƙwaro na kwana a cikin itace.

Yanzu ga wurin da ruɗanin ya fi ci mini rai. Takardar lafiyar tsirrai ba ta magana a kan cikin mai ci. Gona take karewa. Ba ta ce fiyar tana da zaƙi ba, ba ta ce babu ragowar maganin feshi a jikinta ba, ba ta ce komai a kan kakin da ake shafa wa wasu 'ya'yan itace don su yi sheƙi ba. Lafiyar mai ci aikin NAFDAC ne, kuɗin fito kuma na kwastam. Misali biyu daga kayanmu na Arewa sun isa su raba gardama. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wakenmu saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa, irin sinadarin da ke cikin fiya-fiya. Wannan maganar guba ce, tsoron lafiyar mutum. Meziko kuwa da ta dakatar da zoɓorodonmu, wanda manoman Jigawa da Kano suka ji a jikinsu, wani ɗan ƙwaron rumbu ne mai suna kapra ta gani a cikin kaya, ta ji tsoron ya shiga rumbunanta. Zoɓon lafiyarsa ƙalau, ana iya jiƙa shi a sha. Na biyun ne kwarantin. Amma a iska duka biyun da suna ɗaya ake kiransu, sai manomi ya rasa abin da zai gyara: yawan magani ne laifinsa ko ƙarancinsa?

Kuma ba kowace tsutsa ce ƙwaron kwarantin ba. Ma'anar da ƙasashe suka amince da ita tana da ƙunci: ƙwaron da zai iya yi wa tattalin arziki ɓarna, wanda babu shi a ƙasar, ko kuma akwai shi a wani lungu kaɗai ana yaƙarsa a hukumance. Ƙwaron da ya riga ya cika gari ya fita daga wannan layi, komai muninsa. Ana iya samun kwali rabinsa ya ruɓe saboda injin sanyi ya mutu a teku, wannan asarar ɗan kasuwa ce kawai. Ana iya samun wani kwalin kowace ƙwaya sumul kamar a lasa, amma ƙwai ƙanana suna kwance ƙarƙashin ɓawo. Na biyun ne abin tsoro.

Fiya tana da nata maƙiyan. Akwai wani malam-buɗe-littafin dare da tsutsarsa ke huda tuffa da fiya har zuwa wurin iri. Akwai ƙudajen 'ya'yan itace, waɗanda saboda su ƙasashe da yawa ke sharɗanta a riƙe kaya sati biyu zuwa uku cikin sanyin da ya kusa daskarewa, na'ura tana rubuta ma'aunin sanyin duk tsawon tafiyar, har ƙwai da tsutsa su mutu. Sai babbar cikinsu, wata ƙwayar cuta 'yar asalin Amurka ta Arewa da ke sa reshe ya yi baƙi ya lanƙwashe kamar an babbake shi da wuta. Saboda ita Ostireliya ta rufe ƙofa ga tuffar Niyu Zilan tun 1921, ba ta buɗe ba sai da Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta yanke hukunci a 2010. Kusan shekara casa'in tsakanin maƙwabta biyu! A ganina wannan shari'a ta nuna ɗaya fuskar kalmar. Ƙasa na iya fakewa da guzuma ta harbi karsana, ta ce ƙwaro take tsoro alhali kasuwar manomanta take karewa. Don haka ne yarjejeniyar ƙungiyar da ta fara aiki a 1995 ta ce duk hanin da aka yi da sunan lafiyar tsirrai sai da hujjar kimiyya. Ina goyon bayan wannan sharaɗi ɗari bisa ɗari, domin kalmar da aka saba yin ƙarya da ita ba a jin ta ranar da aka faɗi gaskiya.

Wani dattijo mai harkar kayan gwari a majalisarmu ta Agege ya kawo mini hujjar da ta fi kowace ƙarfi. Ya ce, "Malam, mu da ba ma noman wannan fiyar, cutarta me za ta ci a ƙasarmu?" Na ce, "Alhaji, rabin maganarka gaskiya ce." Cutar babbakar reshe ba za ta sami abin kamawa a Legas ba, sai fa 'yan itatuwan tuffa na tudun Jos. Shi ya sa ma ake auna haɗari ƙasa-ƙasa, ba a kwafo dokar Ostireliya a ɗora wa Apapa. Sai dai ƙwari da yawa ba su da zaɓen abinci. Ƙudan 'ya'yan itace na Asiya da aka fara gani a Kenya a 2003, cikin 'yan shekaru ya iso Afirka ta Yamma, yau ga shi a mangwaro da gwaba da lemon Binuwai. Fiyar abin hawa ce kawai, kamar yadda ganyen da ya maƙale a kwali ko ƙasar da ta manne a katako kan zama abin hawa.

Shi kansa Alhajin bai buƙaci dogon bayani ba da na ambaci 2016. Shekarar da tsutsar tumatir da manoman Kano suka raɗa wa suna Sharon ta cinye gonakin Kadawa da Kura, har Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir, kwando ya gagari masu saye a nan Mil 12. Wannan ƙwaro ɗan Kudancin Amurka ne, a 2006 aka fara ganinsa a Sifen, kuma a jikin tumatir da dashe da akwatunan da aka juye kaya yake bin hanya. A farkon 2016 ɗin dai aka tabbatar da tsutsar masara 'yar nahiyar Amurka a kudu maso yammacin Nijeriya, karo na farko a Afirka. Alhaji ya yi shiru, sannan ya lissafa mini da yatsu motocin tumatir nawa ya saba saukewa a sati, da nawa ya sauke a watan Mayun waccan shekarar.

Kwantena ma aƙalla tana da takarda da mai buɗe ta. Wanda ya fi tsorata ni shi ne jakar matafiyi a filin jirgin Ikeja, da ɗanyen ɗan itace ko reshen dashe naɗe cikin zane. Akwai jan ƙwaron da ya addabi gonakin dabino a ƙasashen Larabawa tun shekarun 1980, kuma a cikin 'ya'yan dashe yake ɓuya, ba a ganinsa daga waje sai ya gama cinye zuciyar itacen. Na roƙi Alhaji, tun da yana shirin Umara, ya kawo mana tsarabar busasshen dabino, ya bar musu dashen a can.