Ba Yis Ne Ke Tayar da Fai Mai Ninki-Ninki Ba

An daɗe ana cewa fai mai ɓawo ninki-ninki, irin wanda ake ɗora wa niƙaƙƙen nama da albasa, ba ya tashi sai da yis. Wannan kwaɓin ba a saka masa yis. Bota mai sanyi ake naɗewa tsakanin shimfiɗunsa, kuma idan ya shiga oban mai zafin digiri 200, ruwan da ke cikin botar da kwaɓin yakan zama tururi, shi ke ɗaga shimfiɗun. Shi ya sa zafin Legas ke ɓata aikin, domin botar kan narke tun kafin gashi. Ku gasa yanka ɗaya daga firiji, ɗaya kuma wanda ya jima a kan tebur, ku kwatanta tsayinsu. Don Allah ku tura wa 'yan uwa masu girki wannan bayani.