Juyen man sufacaja ta ƙari a mota

Sufacaja na'ura ce da ake ɗaurawa a jikin injin mota domin ta danna masa iska fiye da wadda zai iya zuƙa da kansa, iska in ta yi yawa sai a ƙara fetur, ƙarfin injin ya ƙaru. Bambancinta da turbo shine shi turbo hayaƙin da ke fita ta salansa ne ke juya shi, ita kuwa bel ne ke jan ta daga karanshaf. Akwai wadda kamfanin mota ke sakawa tun a masana'anta, akwai kuma ta ƙari, wato wadda mai mota ke saya daga baya a ɗaura masa. Da yawa daga cikin irin waɗannan suna da nasu man daban wanda bai haɗa hanya da baƙin man injin ba, ɗan kaɗan ne, sau da yawa bai kai rubu'in lita ba, shi ya sa ma ake mantawa da shi har sai giya ta fara kuka.

Tarihi

Asalin abin ba don mota aka yi shi ba. Wasu 'yan'uwa biyu ne, Philander da Francis Roots, a garin Connersville na jihar Indiana a Amurka suka yi rajistar wani injin hura iska a 1860, an riƙa amfani da shi wajen zuga wutar narka ƙarfe da kuma tura iska cikin ramukan haƙar ma'adinai, kamar dai zugazugin maƙera amma na ƙarfe. Har yau sunansu ne a kan wannan samfurin, Roots. A 1878 Heinrich Krigar a Jamus ya yi rajistar mai murɗaɗɗun ƙarafa biyu, amma sai wajajen 1935 wani injiniya ɗan Suwidin, Alf Lysholm, ya gyara fasalin ya zama abin amfani. Louis Renault kuma ya yi rajistar mai farfela a Faransa a 1902. To ka ga iri ukun da ake da su yanzu duk sun haura shekara ɗari.

Mercedes ce ta nuna motoci masu sufacaja a bajekolin Berlin na 1921, aka fara sayar da su wajajen 1923 da sunan Kompressor. A Ingila kuma aka yi Bentley mai lita 4.5 da aka ɗaura wa sufacaja a gaban lagireto a 1929.

Kasuwar ta ƙari kuwa a Amurka ta bunƙasa. Robert Paxton McCulloch ya fara yin wadda ake ɗaurawa a injin Ford V8 wajajen 1937, sannan a 1953 ya fito da VS57, wadda daga baya kamfanonin mota da kansu suka ɗauka, misali Studebaker Golden Hawk ta 1957. Abin lura game da VS57 shine ba giya mai haƙora ba ce a cikinta, ƙwallayen ƙarfe ne da aka matse suke juya farfelar, kuma tana da ɗan ma'ajin manta na kanta wanda ake zuba wa man giyar otomatik. Wato tun wancan lokacin ake da matsalar mai biyu a mota ɗaya. Wajajen 1990 sai kamfanin Vortech ya zo da sufacaja mai giya wadda ke shan baƙin man injin kai tsaye, ana jawo mata tiyo daga injin, sannan a huda kwanon man da ke ƙasan injin a saka wani tiyon da zai mayar. Wannan hudar ita ce abin da mutane da yawa suka ƙi jini, mota sabuwa fil a ce za a huda mata ciki, ga tsoron ɓurɓushin ƙarfe ya faɗa cikin mai. Shi ya sa ProCharger ta fito da samfurin da ke riƙe da nasa man wajajen 2000, Vortech ma daga baya ta yi V-3 a kan wannan tsari. Ta ɓangaren Roots kuma Eaton ce ta mamaye tun daga M90 da aka saka a Ford Thunderbird Super Coupe ta 1989, kuma kamfanoni irin su Magnuson da Edelbrock kayan cikin Eaton suke amfani da su su ƙera nasu gidan. Whipple, wadda aka kafa a 1987 a garin Fresno na Amurka, ita murɗaɗɗun ƙarafan Lysholm ta bi.

Aikin man

A Roots da mai murɗaɗɗun ƙarafa man ba ya taɓa ƙarafan da ke tura iskar, a bushe suke juyawa kuma ba sa gogar juna ko kaɗan, giyoyi biyu ne ke riƙe da tazararsu, to waɗannan giyoyin da boris ɗinsu su man ke yi wa aiki. A mai farfela kuma giya ce ke ninka gudun bel har farfelar ta wuce juyi 50,000 a minti, zafi kenan mai yawa a kan mai ɗan cokali.

Rotrex ta ƙasar Denmak daban take. Ba haƙora a cikinta, ƙarafa ne masu santsi ke murza juna, man nata na musamman ne da ke yin tauri in an matse shi ya riƙe ƙarfe da ƙarfe. In aka zuba mata man da ba nata ba sai ta riƙa sulɓewa ta lalace. Tana da tankinta da filta da ɗan lagireton sanyaya mai.

Yaushe ake juye

Wadda ke shan man injin ba ta da wani juye daban, ranar da aka yi wa mota sabis an yi mata, sai dai a duba ɗan bakin da ke fesa man kada ya toshe. Masu nasu man kuwa kowane kamfani da lissafinsa. ProCharger na cewa juyen farko bayan mil 500, kusan kilomita 800, daga nan kowane mil 6,000. Vortech V-3 na farko a mil 2,500 sannan kowane mil 7,500. Rotrex kilomita 80,000 ko shekara biyu, a canza har da filta. Masu kayan Eaton su suka fi daɗewa, wasu kamfanonin mota ma cewa suke man na har abada ne.

A kan wannan akwai saɓani. Waɗannan kamfanonin mota na cewa ba sai an taɓa ba, makanikai da yawa na cewa a canza.

Yadda ake yi

Ana fara ɗumama injin kaɗan don man ya saki jiki, a kashe, a tsayar da motar a waje mai daidai. Kafin a kwance notin ramin mai sai an goge kewayensa tas, domin ƙwayar yashi ɗaya in ta faɗa babu filtar da za ta tare ta. Yawancin na Roots ba su da ramin tsiyayewa a ƙasa, rami ɗaya ne tak, ta nan ake zubawa ta nan ake cirewa, don haka sirinji babba ake samu a maƙala masa siririn tiyo a zura har ƙasan gidan giyar a riƙa zuƙowa sannu a hankali, a juya bakin tiyon nan da can har sai iska kawai ke fitowa. Ana tara abin da ya fito a mazubi mai awo don a san nawa ya fito, in ya yi ƙasa sosai da abin da ya kamata to akwai inda yake yoyo. Tsohon man Eaton wari gare shi na fitar hankali, in ya taɓa riga da wuya ya fita, kuma wannan warin ba alamar lalacewa ba ne, haka yake. Wasu masu farfela suna da tiyon tsiyayewa da ke saukowa ƙasa, wasu kuma dole a kwance bel a sauke na'urar gaba ɗaya a kifa ta.

Notin wasu samfuran yana da maganaɗisu a bakinsa. In aka ga laushin toka-toka kamar kwalli ya manne ba komai, musamman a juyen farko, amma in gutsattsarin ƙarfe ne masu ƙyalli da ake ji a yatsa to giya ko boris na cinyewa kenan, sabon mai ba zai gyara wannan ba.

Wajen zubawa awo ake bi ba ido ba. P-1SC ta ProCharger kwalba ɗaya take sha mai oza 6, kimanin mililita 177, V-3 kuma oza 4, kimanin mililita 118. Na Eaton ana zubawa har man ya taɓo ƙasan zaren ramin, Whipple tana da ɗan gilashin leƙe a jiki, ProCharger kuma ɗan geji ne. Cikawa fiye da kima ya fi zama ruwan dare a kan ragewa, mutum na ganin ai gara ya yi yawa, alhali man sai ya yi kumfa ya ɗau zafi ya turo sil waje, daga nan ya bi iska ya shige injin. A V-3 akwai notin rufewa da ake sakawa don jigila kawai da kuma mai ɗan ramin numfashi, in aka bar na jigilar aka tuƙa motar matsin da ke ciki na iya fasa sil. Gidan kuma alminiyam ne, ɗaure noti da ƙarfin tsiya na cinye zaren.

Alamomin matsala

Danshin mai a bayan fuli, mai a cikin bututun iska, ko kuka mai kama da niƙa. Ƙarar kwaram-kwaram da ake ji a na Eaton in mota na tsaye a kunne yawanci ba mai ba ne, ɗan robar da ke haɗa fuli da giya ce ta saki.

Tsohon man

Ana haɗa shi da tsohon baƙin mai a kai wurin da ake karɓa, ba a zubarwa a ƙasa ko a magudanar ruwa.