Jirgi mai bakan gizo a hoton satalayit: me ke kawo shi?

In kana yawan leƙa Google Maps ko Google Earth wataƙila ka taɓa cin karo da jirgin sama da ya fito kamar uku a jere, ɗaya ja ɗaya kore ɗaya shuɗi. A ƙarshen 2021 ma an yi ta yaɗa irin wannan hoton na jirgin yaƙin Amurka B-2 yana ratsa saman gonaki a jihar Mizuri. Jirgi ɗaya ne tal, kyamarar ce ta kama shi a lokuta daban-daban.

Kyamarar satalayit ba irin ta waya ba ce da za ka danna sau ɗaya shi ke nan. Layi-layi ne na masu kama haske a cikinta, kowane layi da kalarsa, satalayit ɗin kuma yana tsala gudu sama da kilomita 7 a sakan ɗaya yana share ƙasa kamar tsintsiya, to layin wannan kalar zai riga na waccan ganin wuri da ɗan ƙiftawar ido, daga baya kwamfuta ta ɗora hotunan a kan juna. Gida da titi da bishiya ba inda suka je, sai su hau daidai. Shi kuwa mai gudu kafin kala ta gaba ta iso ai ya matsa.

Ɗauki satalayit ɗin Sentinel-2 na Turai da aka fara harbawa a 2015, yana shawagi a nisan kilomita 786. Tsakanin shuɗi da ja kusan sakan 1 ne. Jirgin fasinja mai gudun kilomita 900 a awa ya ci mita 250 kenan, alhali kowane ɗigo na hoton mita 10 ne, shi ya sa kalolin ke rabuwa fayau. Tirela mai kilomita 80 a awa kuwa mita 22 kawai take matsawa, ɗigo biyu, sai ka ga ɗan zane mai kala uku a kan kwalta.

Ni abin da ya fi burge ni, wannan da ake ɗauka aibu ne masana sun mayar da shi ma'auni, daga tazarar kalolin suna lissafa gudun abu da inda ya dosa. Lokacin kullen korona a 2020 da shi aka riƙa ƙirga manyan motoci a titunan Turai.

Amma fa a kan jirgi lissafin yana da ɗan wayo, saboda kowane layi ta kusurwarsa yake kallo, abin da ke can sama sai ya goce ko da gudunsa kaɗan ne, shi ya sa gefen gajimare ma wani lokaci ke fitowa da kala-kala.