Irin ya fito amma ya ƙi girma, ko ƙasar ce ke da guba?

Mun zuba irin salati da tumatir da takin juji, ya fito amma ya tsaya cak, ganye sai rawaya. Mi ke kawo haka?

Ƙarancin taki ko gishirin ruwa na iya sa haka, amma tunda takin juji ne to ku tona ku ga abin da ke ciki. Ni da idona na ga an sauke amalanken shara a wata garka bakin Gulbi, pil ɗin tocila fasassu, gwangwanin fenti, ƙasa baƙa ƙirin da baƙin mai. Nan ake samun ƙarafa masu guba irin su dalma da kadmiyom, ruwan majema kuma in an yi jima da sinadari yana ɗauke da wani ƙarfen mai guba, kuromiyom, kuma waɗannan ba su ruɓewa, ko an ƙona sharar suna nan cikin tokar.

In da guba ai ba zai tsiro ba?

Nan ne mutane ke ruɗuwa wallahi. Ƙwayar iri tana da ɓawo kuma da guzurinta take fitowa, sai gubar ta yi yawa sosai take hana ta tsira. Saiwa ce ke fara shan wahala. Ku tumɓuke ɗaya ku wanke, mai lafiya fara ce doguwa da ƴan gashi-gashi, wadda ta sha guba gajeruwa ce ta yi ruwan ƙasa, ba ta iya jan ruwa, shi ya sa kun yi ban ruwa da safe amma kafin azahar ya langaɓe. Kadmiyom kuma yana hana shuka jan sinadarin ƙarfe da ganye ke buƙata ya yi kore.

Wanda ya rayu fa, a ci?

Wannan ya fi damuna. Salati da alayyafo suna tara kadmiyom cikin ganye, wanki ba ya fidda shi. Dalma kuma yara take fi illa, a Zamfara a 2010 ta kashe yara sama da 400 wajen niƙan dutsen zinari.

To ya za mu gane?

Ku cika gwangwani biyu, ɗaya ƙasar garkar ɗaya ƙasar gona da ba ta taɓa ganin shara ba, iri ɗaya ruwa ɗaya, bayan kwana 10 ku gwada saiwar. Alama ce kawai, tabbaci sai awon ƙasa, ku tuntuɓi INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta Nijar. Kafin nan wurin renon iri a sa mishi takin dabbobi da ya ruɓe sosai.