Goge ebonait har ya yi ƙyalli: tambayoyi da amsoshi

Wai shi ebonait ɗin nan roba ne ko icce?

Roba ce ta itace da aka dafa da farar wuta mai yawa har ta yi tauri. A Amurka Charles Goodyear ya yi rajistar dabarar dafa roba a 1844, ƙaninsa Nelson kuma ya yi ta wannan mai taurin a 1851. Sunan ya samo asali ne daga wani baƙin katako, dangin kanyar da muka sani. Da shi ake yin jikin alƙalami mai shan tawada, da bakin lofe, da matajin kai.

Na fere shi a injin sassaƙa mai juyawa, ya fito garje-garje yana warin ƙonanniyar taya. Ina kuskuren?

Bakin ƙarfenka ya dakushe, ko ka cika danna hannu. Ebonait yana cin kaifi da wuri, don haka a riƙa wasawa akai-akai, a zagayen ƙarshe kuma a ɗebi kaɗan-kaɗan. Ɗan wari dole ne, amma in ya yi ƙarfi, zafi ya yi yawa. A sa takunkumi, kuma don Allah a tuɓe babbar riga kafin a kunna inji.

Wace samfefa ake amfani da ita?

Nan ne aikin yake. Nemi samfefar ruwa irin ta masu fentin mota, ana samunta a kasuwar Ƙofar Ruwa ko ta Sabon Gari a Kano. Fara da lamba 400, sai 600, 800, 1200, har 2000, don gwargwadon hawan lamba gwargwadon laushin samfefar. Wanda ke da Micro-Mesh, wata samfefa mai laushi sosai, yana iya zarcewa zuwa 12000.

A rage gudun inji, a jiƙa samfefar da ruwan sanyi, a shimfiɗa leda a kan gadon injin kada ya yi tsatsa. Ruwa mai launin ƙasa da zai riƙa zuba ba matsala ba ne. Abin da yaran shago suka fi tsallakewa shi ne wannan: bayan kowace lamba, a kashe inji, a goga da hannu a tsawon abin, daga kai zuwa gindi. Juyawar inji zobe-zobe take bari, gugar tsawo ce take share su. Sannan a goge tas a duba a haske. In ka hangi ƙarzar 400 bayan ka kai 1200, koma baya, ba wani man da zai ɓoye ta.

Lokacin hunturu a adana samfefa cikin leda. Ƙwayar yashi ɗaya ta hau lamba 2000, ka dawo farko.

Sai man gogewa?

Eh. A fara da tirifoli, wato dunƙulallen man gogewa mai ruwan ƙasa, a kan faifan auduga, a bi da farin man gogewa mai laushi a wani faifan daban. Hannu sama-sama, kuma kada a tsaya wuri guda, don zafi yana dusashe fuskar. In a kan injin za ka goge, riƙe ƙyallen da yatsu biyu, kar ka naɗe shi a hannu. Man goge baki yana ɗan taimakawa in babu komai.

Wani ya ce in shafa man zaitun kawai.

Kwalliyar kwana biyu ce. Da ya bushe, ƙarzar tana nan inda ka bar ta.

Me ya sa nawa ya koma ruwan ƙasa, har da kore-kore?

Rana da danshi. Hasken rana yana lalata fatar saman, farar wutar da ke ciki ta haɗu da laima ta zama asid. A ranar Kano ta watan Afrilu, wanda ya baje kayansa a tebur bakin titi zai ga canji da wuri. Ruwan zafi ma yana jawo haka nan take. Maganin shi ne a kankare saman da lamba 800 ko 1000, a sake hawowa zuwa 2000, a goge, a shafa ɗan kaki, sannan a ajiye cikin akwati ko jakar yadi inda haske ba ya kaiwa.